Shiga soja da takardar nas: igiya ko anini?

Ummi Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku ba ni haske. Bara na gama makarantar koyon jinya, na ci jarrabawar Kansul, wato hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista, lasisina na RN (nas mai rajista) ya fito. Shekarata 22. Tun daga lokacin aikin sa-kai nake yi a wani asibitin gwamnati, ba albashi, sai ɗan kuɗin mota in an tuna da mu. Ni kuma tun ina 'yar firamare kaki yake burge ni. Shin da wannan takardar zan iya shiga soja a matsayin nas? Ta ina ake bi? In na shiga, asibiti za a kai ni ko bindiga za a miƙo min? Na yi wa Baba maganar, bai ce e ba bai ce a'a ba, ya ce in je in binciko tukuna.

Musa Rigasa: Wa alaikumus salam. Ki cike fom ɗin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna mana, ai can ake yin hafsoshi.

Malam Nura: Musa, ka daina tura mutane hanyar da ba ta ɓullewa. NDA ba ta koyar da jinya. Daga sakandare ake shiga can, kuma suna da iyakar shekaru. Ummi ta wuce nan ta kowane ɓangare.

Anti Rabi: Ƙanwata Ummi, sannu da ƙoƙari. Ni na yi aikin a sashen lafiya na sojan ƙasa har na ajiye. Hanya biyu ce, kuma takardar da ke hannunki ranar cike fom ita ce za ta zaɓar miki wadda za ki bi.

Ta farko ita ce ta kurata. Ki cike fom ɗin ɗaukar sabbin sojoji a rukunin masu sana'a, a tantance ki a jiharku, in kin tsallake a kai ki Daffo, cibiyar horar da kuratan sojan ƙasa a Zariya, ki sha horo na wajen wata shida. Masu takardar sakandare zalla iyakarsu shekara 22, masu sana'a irinki kuwa har 26. A nan RN ɗinki ya ishe ki. Sai dai ƙaramin soja za ki fito, cikin masu igiya a hannun riga. Sojan ruwa a Onne ta jihar Ribas suke nasu horon, sojan sama kuma a Kaduna.

Ta biyu ita ce DSSC, inda ake ɗaukar waɗanda suka riga suka gama karatunsu a mayar da su hafsoshi kai tsaye: likitoci, nas-nas, masu haɗa magunguna, injiniyoyi, lauyoyi, har da limamai. Nan digiri ake nema ko HND, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, da rajistar Kansul da lasisin da bai ƙare ba. Shi ma horon wajen wata shida ne, na sojan ƙasa a Jaji. Ranar yaye ku za a maƙala miki anini biyu a kafaɗa, kin zama Laftanar.

To ki duba da kyau. Ke da ƙawarki kuna aji ɗaya, ke kika yi sauri kika bi ta Daffo, ita ta tsaya ta ƙaro digiri. Bayan shekara shida sai ga ta ta shigo ɗakin majinyatan da kika fi ta sani nesa ba kusa ba, dole ki miƙe ki ƙame ki sara mata. Ba wuri ɗaya za ku ci abinci ba, ba layin gidaje ɗaya za ku zauna a bariki ba, albashi ma kowa da nasa. Ni dai shawarata ki koma makaranta.

Baba Samanja: Rabi 'yata, kin faɗi gaskiya amma ba ki ƙarasa ba. Ni ta Daffo na bi, a sashen lafiya na tsufa. Duk sabon Laftanar da aka turo mana, mu muke nuna masa yadda ake ɗauko mutum daga bayan mota ba a ƙara masa rauni ba. Yaushe igiya ta zama abin kunya? Yarinyar nan ta ce aiki take yi ba ko sisi. Kun ce ta koma jami'a, wa zai biya? Kuma ko ta gama, an ce muku DSSC tana nan tana jiran ta? Dubban mutane ke cike fom, kowace jiha 'yan ƙalilan ake ɗiba, a cikin ƙalilan ɗin akwai likita, akwai injiniya, akwai lauya. Nas nawa za su samu? Wanda ya shiga ta ƙasa albashinsa yana tafiya, shekarun fanshonsa suna taruwa, kuma yana iya neman izinin ƙaro karatu daga ciki. Na ga yaran da suka shigo farabiti suka yi ritaya da anini uku.

Anti Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi ban raina igiya ba, a hannun irinku na koyi rabin abin da na sani. Amma ka faɗa mata mutum nawa ne suke samun wannan izinin. Soja ba ya tashi ya tafi jami'a don ransa ya so. Sai ya yi wasu shekaru a bakin aiki, sai kwamandansa ya sa hannu, sai sama sun sake shi. In ya saci jiki ya yi karatun ba da izini ba, ranar da ya kawo takardar a ce ba a san da zamanta ba. In kuwa aka tura bataliyarku daji, maganar karatu ta sha ruwa sai yadda hali ya yi.

Baba Samanja: Wannan haka yake, ban musa ba. Ni dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Malam Nura: Bari mu yi lissafin a fili, tunda a makarantar jinya nake koyarwa, kowace shekara sai ɗalibai sun zo min da wannan tambayar. Mai RN ba daga aji ɗaya take fara digiri ba. Fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye za ta saya, a ɗauke ta aji biyu. Digirin jinya, BNSc, shekara biyar ne, saura huɗu ke nan. Ana yin sa a Bayero nan Kano, da ABU Zariya, da Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ki ware shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa. 22 a tara da 6, kin kai 28. Iyakar shekarun DSSC takan tsaya ne a wajen 30, ƙwararrun likitoci kawai ake ɗaga wa har 40. Akwai sarari, amma ba mai yawa ba. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye. In irinsa ya faɗo miki, kuma kika rasa gurbi a shekarar farko, kin ga tazarar ta tafi. Don haka in za ki koma, bana za ki koma, ba baɗi ba.

Sannan ki fito da takardunki ki shimfiɗa su a tabarma ki duba. Kiredit biyar na sakandare, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba. Waɗannan na san kina da su tunda kin shiga makarantar jinya. Abin da ke kayar da mutane shi ne suna da ranar haihuwa. Abin da ke kan WAEC da NIN da lasisi da takardar ƙaramar hukuma ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Wani ɗalibina daga layin tantancewa aka fitar da shi, a wata takardar Muhammad, a wata Mohammed, shekarar haihuwa kuma ta sha bamban da shekara ɗaya.

Ummi Gwale: Na gode Malam. To ba zan iya yin digirin na wucin gadi ina ci gaba da aiki ba? Kuma na ji kun ambaci HND, mu ai ba a ba mu ba.

Malam Nura: Ƙannenki ne suka taki wannan sa'ar. Makarantun jinya da yawa yanzu an mayar da su kwalejoji, ana shiga ta JAMB, shekara biyu ND, shekara biyu HND, a haɗa da jarrabawar Kansul. Ku da kuka yi tsohon tsarin shekara uku, RN ɗin ce kawai a hannunku. Maganar wucin gadi kuwa, ki yi hattara. Mai karatun wucin gadi ba ya zuwa sansanin bautar ƙasa, wata wasiƙa ake ba shi cewa ba ya cikin waɗanda za su yi. Ita daban, takardar yafewa da ake ba wanda ya haura 30 kafin ya gama daban. Tunda soja kike hari, ki yi na cikakken lokaci ki sa kakin bautar ƙasa ki karɓi takardarki, kar ki bar wa mai tantancewa abin da zai juya yana kallo.

Anti Rabi: Ƙari a kan na Malam. Akwai shekarun da mai RN da RM, wato jinya da ungozoma a haɗe, take samun anini. Kar ki dogara da wannan, yanzu digiri ake tambaya tun a layin farko na sanarwa. Amma kwas ɗin ƙwarewa na bayan RN yana da daraja ƙwarai a soja, ko ta wace hanya kika shiga. Ba kowane ba fa. Wanda ya yi tiyata, ko sa barci, ko haɗari da gaggawa, ko ƙashi irin wanda ake yi a asibitin Dala, ko taɓin hankali irin na Barnawa a Kaduna, shi ake rububi. Na ƙarshen nan mutane suna raina shi, alhali yaran da ke dawowa daga fagen daga da yawa ciwonsu ba a jiki yake ba. Mutum ya wuni lafiya, dare ya yi ya kasa runtsawa, ƙofa ta buga ya zabura ya faɗa ƙarƙashin gado.

Ɗan Bichi: Anti, ni ƙanwata ce bana take gama sakandare. An ce soja suna da makarantar jinya tasu, in ka shiga shi ke nan ka zama soja. Gaskiya ne?

Anti Rabi: Makarantun suna nan. Ta sojan ƙasa tana Yaba a Legas, jikin asibitin 68. Sojan sama suna da tasu a Kaduna. Sojan ruwa suna da makarantar kimiyyar lafiya a Offa ta jihar Kwara. Amma shiga kwalejin jinya ta soja ba shiga soja ba ne. Suna ɗaukar farar hula, ta gama ta fito da takarda irin ta kowa, in tana son kaki ta cike fom kamar kowa. Abin da za ta ƙaru da shi dai ta saba da tashin asuba da bin umarni.

Ɗan Bichi: Ikon Allah. Mu da har mun fara kiranta Kyaftin a gida.

Ummi Gwale: Anti, ba ki amsa min ta bindiga ba.

Anti Rabi: Za a ba ki, kuma sai kin iya kwance ta ki mayar. A horo ba ruwan kowa da cewa ke nas ce. Za ki yi fareti, ki yi birgima a taɓo, ki kwana a daji, ki sha gwale-gwale a kan laifin da ba ke kika yi ba. Bayan an yaye ku ne za a tura ki sashen lafiya. Kina iya faɗawa asibitin soja na 44 a Kaduna, ko 68 a Yaba, ko ƙaramin asibitin bariki inda aikinki awon ciki ne da rigakafin yara da zazzaɓin matan sojoji, ba bambanci da asibitin unguwarku. Kina kuma iya faɗawa Maiduguri.

Ni na yi zama a barikin Maimalari na Maiduguri lokacin da abin yake da zafi. Can tsakar dare za a yi kira a rediyo cewa mota ta taka bam, ana tahowa. Kafin su iso kun jera gadaje, kun rataye ledojin ruwa, an aika cikin bariki a taso masu ba da jini. In suka iso ba a kwance igiyar takalmi, da almakashi ake farke but ɗin da wandon gaba ɗaya. Abin da idonki zai fara nema shi ne maɗaurin tsayar da jini da aka ɗaura masa a cinya tun a daji, da lokacin da aka rubuta a jikinsa, don daga wannan lokacin ne likita zai san ko ƙafar za ta tsira. Wani lokaci ki tarar a goshin mutum aka rubuta da maka, don can ba takarda. Kuma ke ce za ki duba mutum biyar cikin minti ɗaya ki ce wannan tiyata yanzu, wannan ya jira, alhali wanda kika ce ya jira shi ya fi kowa ihu. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Wannan ba a koya mana shi haka a makaranta ba.

Baba Samanja: Rabi ta tuna min da abubuwa. A ƙa'ida, yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta ce ba a taɓa ma'aikacin lafiya a yaƙi, kuma an yarje masa ƙaramin makami don kare kansa da majinyacinsa kawai. Haka aka karantar da mu, har da cewa in abokin gaba ya faɗo hannunka da rauni sai ka yi masa magani. Na yi wa irinsu wankin ciwo da hannuna. Amma mutanen da ake fama da su a dajin nan ba su san wata Geneva ba.

Abu Sadiq: To kun ji da kunnenku. Ni ban ga dalilin da 'ya mace, 'yar Musulmi, za ta bar asibitin garinsu ta tafi kwanan daji cikin maza ba. Aikin jinya ai ko'ina lada ne. Ummi, ki yi haƙuri ki zauna, Allah zai kawo aikin gwamnati, ki yi aurenki.

Maman Hanif: Malam Abu Sadiq, ni matar soja ce, a bariki na haifi 'ya'yana duka. Ranar da naƙuda ta kama ni da dare maigidan yana Zamfara, wa kake so ya karɓi haihuwar? Da kai ne mijin, namiji za ka so in tarar ko mace? Kullum kuna cewa a samu mata a asibiti saboda matanmu, to barikin ba mata a ciki? Yawancin nas ɗin da nake tararwa 'yan Kudu ne, mutanen kirki, amma tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga ƙauye ba ta jin Turanci, sai an nemo mai fassara kafin ta faɗi inda ke mata ciwo.

Abu Sadiq: Hajiya, ban ce kar mace ta yi jinya ba. Haɗarin nake magana, da suturar.

Malam Nura: Haɗarin ai bai tsaya a kan masu kaki ba. Ungozoma biyun nan da aka sace a Rann ta jihar Borno a watan Maris na 2018, aka kashe su daga baya cikin shekarar, da Red Cross suke aiki, ba sojoji ba ne. Allah ya jiƙansu. Kuma shigar mata soja ta jinya aka fara a ƙasar nan. Mace ta farko da ta zama hafsa a sojan Najeriya, Josephine Tolefe, nas ce, a 1961. Mace ta farko da ta kai Manjo Janar, Aderonke Kale, a 1994, likitar ƙwaƙwalwa ce, ita ta shugabanci sashen lafiyar gaba ɗaya.

Abu Sadiq: Duk ba 'yan nan ba ne, Malam.

Maman Hanif: Abin da nake faɗa ke nan ai.

Anti Rabi: Abu Sadiq bai yi laifi ba da ya tayar da maganar sutura, gara a faɗa wa yarinya tun yanzu. 'Yan sanda ne aka yarje wa matansu ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hula a 2022. Ni zamanin da na yi, a filin horo da fareti kaki kaki ne, wando da riga da hula, gashi a gyare a tattare. A ɗakin tiyata da wajen majinyata ne mutum yake samun rufe kansa da hular aiki, in ya tashi ya sa hijabinsa ya tafi gida. Salla ba mai hana ki, kowane bariki da masallaci da limaminsa, shi ma soja. In kin san ranki ba zai ɗauki wandon ba, kar ki fara, don ba wurin da za ki je ki yi jayayya ba ne.

Sai aure. Masu bi ta Daffo sharaɗi ne su kasance ba su da aure, kuma bayan an fito sai an yi shekara uku kafin a nemi izini. Kun tuna sojar nan da aka tsare a ƙarshen 2021 bayan wani ɗan bautar ƙasa ya durƙusa ya sa mata zobe a sansanin jihar Kwara? Cikin laifukan da aka lissafa mata har da wannan. Ciki kuwa, ko ta wace hanya, ana gwadawa a tantancewa, in an samu sai gida.

Ummi Gwale: Tabɗi. Akwai wanda ake maganarmu da shi a gida, ban ma kawo wannan a raina ba.

Maman Hanif: To ki zaunar da shi ku yi magana tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa. Ki tambaye shi in aka tura ki Fatakwal ko Inugu zai bi ki, ko zai yarda ki tafi ke kaɗai. Soja ba ya zaɓar gari.

Musa Rigasa: Ni albashin nake son ji. An ce ya ninka na asibitin gwamnati.

Baba Samanja: Musa, kai kullum "an ce". Tsarin albashin soja daban yake da na ma'aikatan lafiya na farar hula, kuma da muƙami yake tafiya, ba da yawan allurar da ka yi ba. Abin da zan ce shi ne yana zuwa, ba kamar wasu jihohin ba. Ga gida a bariki, ga magani, ga alawus in kana fagen daga, fanshonmu kuma hukumarsa daban. Wanda Allah ya ciyar ya je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya yakan dawo da abin sayen fili. Yaranmu sun je Laberiya, sun je Darfur, sun riƙe asibiti a Tumbuktu kafin a rufe aikin Mali a 2023. Amma ba yajin aiki. Ranar da ƙungiyar nas-nas ta ƙasa ta ce a ajiye aiki, asibitin soja ne yake cika, ku ne za ku kwana a tsaye. Ba kuma cewa na gaji na tafi. Wanda ya tafi ba izini gudu ya yi, gadirum da kotun soja suna jiransa.

Hafsat Tudun Wada: Wannan ta ƙarshen ita ce ta hana ni. Ni ma na so shiga, sai na ga 'yan ajinmu suna ta haɗa takardun Ingila da Saudiyya. In kika karɓi anini kin ɗaure kanki shekaru, ba za ki ga dama ta zo ki ce ga takardar ajiye aikina nan da wata ɗaya ba. Kowa dai ya san abin da yake nema. In kuɗi ne zalla, ba nan ba ne.

Isufu Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan akwai makarantar ma'aikatan lafiya ta soja a Yamai, EPPAN, har daga wasu ƙasashen Afirka ana turo sojoji su yi karatu a ciki. Amma rigimar ɗaya ce da taku, mai babbar takarda shi ke gaba ko da jiya ya zo.

Zainab Kurna: Don Allah kafin a watse in ja kunne. Yayana wani mutum ya karɓe masa kuɗi masu yawa, ya ce yana da gurbi a hannun wani babba, har da wasiƙa mai tambari ya turo masa ta WhatsApp, aka ce ya je Jaji ranar kaza. Ya sayar da babur ɗinsa ya tafi. A bakin get aka duba aka ce ba sunansa, Allah ne ma ya sa ba su tsare shi ba. Mutumin kuma lambarsa ba ta sake shiga ba.

Baba Samanja: Allah ya mayar masa da alheri. Fom kyauta ne, a shafin intanet na rundunar ake cikewa, su kansu kullum suna shelanta haka. Duk wanda ya ce ki kawo ko naira ɗaya ɓarawo ne, ko da kaki ya zo miki.

Anti Rabi: Akwai kuma abin da ba wanda ya ambata. A asibitocin soja ba kowa ne soja ba. Akwai nas-nas farar hula da Ma'aikatar Tsaro take ɗauka, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masu kaki, su tashi su tafi gidajensu. Ko nan Kano akwai asibitin ƙwararru na rundunonin soja, akwai na sojan sama. In aikin ne yake burge ki, ga hanya. In kuwa kakin ne, to sai ɗayan biyun can.

Ummi Gwale: Kakin ne, Anti, ba zan ɓoye ba. Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta. Da na zo wajen Baba Samanja ya ce wannan dattijon ya san duniya, da na zo wajen sara wa ƙawata kuma ya yi dariya ya ce shi 'yarsa ba za ta ƙame wa sa'arta ba. Ya ce in nemi Bayero bana, zai sayar da abin da zai sayar. In ban samu gurbi ba bana da baɗi, ina da sauran shekaru kafin 26, sai a sake zama a kan maganar Daffo.

Baba Samanja: Mahaifinki ya raba gardama, ya bar ƙofa biyun a buɗe. Amma kafin a sayar da komai, gobe in kin je asibitinku ki cire takalmi ki tsaya a ma'aunin tsawo. Sojan ƙasa mita 1.65 suke nema ga mace, 1.68 ga namiji. Sojan sama sun ɗan sassauta, 1.63 ga mace. Ba a roƙo a wajen nan, sanda ce ake ɗora miki a ka. Ki yi gwajin ciwon hanta da na ido tun yanzu, ki taka ƙasa da jiƙaƙƙiyar ƙafa ki ga ko tafinki a shafe yake. Zanen tatu a jiki ma yana kayarwa.

Ummi Gwale: Tsawona 1.66 a katin makaranta.

Anti Rabi: Na katin makaranta da takalmi aka auna ki, na san halinsu. Ki sake aunawa da safe. Sannan ki fara gudu, don akwai na kilomita 3.2 a tantancewa, kuma wanda bai saba ba tun a zagayen farko yake zubewa. Ki samu ƙaninki ya riƙa raka ki bayan sallar asuba.

Hafsat Tudun Wada: Kuma ki lura da lasisinki, sabunta shi ake yi in ya ƙare, sai da shaidar kwas ɗin ƙara sani na Kansul. Naki zai ƙare kina tsakiyar jami'a, lokacin da ba ki da kuɗi kuma hankalinki yana kan jarrabawa. Ki rubuta ranar a bangon ɗaki.